Goshin Motar Malam

A gidanmu na Badarawa dokoki suna da yawa, kuma ni na kafa su. Ba a shiga ɗakina da takalmi, ba a barin randa a buɗe. Amma wadda ta fi kowacce tsufa ita ce ta buzun da ke shimfiɗe a goshin motar Malam: ba a ɗaga shi. Yarana da ita suka tashi, 'ya'yansu ma sun zo sun tarar da ita. Ba wanda ya taɓa tambayata dalili, don sun san ba a tambayata dalili.

Goshi nake ce wa baƙin wurin nan mai laushi da ke gaban direba, ƙarƙashin gilashi, wanda masu mota ke kira dashbod. Tun ranar da maigidana ya shigo da motar na ce goshi, bakina bai taɓa karɓar ɗaya sunan ba. Motar irin waɗanda ake haɗawa a nan Kaduna ce a da, ruwan madara, mai faɗin kujeru. Malam ya saye ta yana aikin gwamnati, sabuwa fil, kujerunta da leda. Mutum ne mai sanyi, abin duniya bai dame shi ba, amma wannan motar ya so ta. Kullum kafin ya tafi ofis sai ya ɗauki tsumma ya bi goshin nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana motsa baki kamar mai lazimi.

Ni na ɓata masa shi, motar ba ta ko cika shekara ba.

Ranar sunan ɗan ƙanwarsa ce a Kawo. Ni aka ba miyar manyan baƙi, na yi ta kuka a ƙaramar tukunyar ƙarfe, ta ji daddawa ta ji man shanu. Mun makara, don haka daga kan murhu na naɗe kunnuwanta da tsumma na fito da ita. Malam ya buɗe mini mota ya koma ciki ɗauko hularsa. Autata tana bayana, ba dama in zauna sai na kwance goyo. Na duba kujera, leda ce. Na duba ƙasa, kafet ne sabo. Sai na ɗora tukunyar a kan goshi, na ce ai na ƙiftawar ido ne.

Na ji wani ɗan sauti kamar an tsoma garwashi a ruwa. Da na fizgo tukunyar, gindinta ya riga ya zauna a wurin, zagaye, ya lotsa ciki. Garin fizgowa kuma miya ta ɓallo ta cika ramin, ina kallo tana nutsewa cikin soson da ke ƙasa. Na waiga, buzun sallar Malam yana kujerar baya. Na ɗauko na shimfiɗa, na cusa gefensa ƙarƙashin gilashi, na zauna na rungume tukunyata a cinya duk da zafinta.

Da ya fito na riga shi magana. Na ce ranar Kaduna ba ta barin baƙin abu, na ga yadda goshin motar maƙwabcinmu ya koma, gara a rufe namu tun da wuri, kuma kada a riƙa ɗagawa. Ya dubi buzun, ya dube ni, ya ce to. Ya cire hular da ya koma ɗaukowa ya ɗora a kan buzun, ya tayar da mota. Daga ranar goge-gogen safe ya koma kaɗe gashin buzu da hannu. Na ce a raina wayona ya ci.

Sai mutum ya san ko ni wace ce a gidan nan kafin ya gane nauyin abin. Ban yi boko ba, lambobin da ke jikin agogon motar ma ban san me suke cewa ba, amma ba abin da ke wuce idona. Daga yadda yarinya ta yi sallama nake sanin ta fasa kofi. Daga tafiyar yaro nake sanin bai je islamiyya ba. Na sha tsayar da su a tsakar gida in ce wanda ya yi ɓarna ya faɗa da bakinsa, ɓoyewa ta fi ɓarnar muni. Ina faɗin haka motar tana bayana, da buzunta.

Ranar Juma'a idan Malam ya tafi masallaci a ƙafa nakan leƙa. Shekarun farko ramin kaɗai ne. Daga baya tsaga ta fito daga gefensa ta nufi dama, wata ta nufi hagu, irin fason da ke cin diddigen mace in ta daina shafa mai. Sannu a hankali suka yi rassa, har suka leƙo daga ƙarƙashin buzu kowa yana gani. Masu shiga motar suka riƙa cewa rana ce. Rana ta ɗauki laifina, na bar mata.

Malam ya yi ritaya, gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, motar ta zauna ƙarƙashin darbejiya. Tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Duk da haka da hantsi yakan buɗe ta ya zauna a bayan sitiyari da rediyonsa, ya ɗora hula a inda ya saba.

Bara, bayan ƙaramar salla, babban ɗanmu ya ce zai tashe ta. Shi ne na fari, ba na kama sunansa, babba nake cewa in ya zama dole. Ma'aikaci ne shi ma, yana zaune a Abakpa da iyalinsa. Ya kawo bakanike, aka sauke injin, aka sa tayoyi, aka kai ta fenti ta dawo tana ƙyalli kamar ranar da ta zo. Ranar da ta yi tari ta tashi, Malam ya tsaya riƙe da sandarsa yana murmushi har haƙoransa na gefe suka fito. Na daɗe ban ga waɗannan haƙoran ba.

Saura goshi. Babba ya ce abu ne mai sauƙi, za a samo na wata matacciyar mota irinta a wurin masu kayan gwangwan, a cire wannan a yar. Malam yana zaune a tabarma, bai ɗaga murya ba.

"Taya takalmi ne, fenti riga ce, duk na yarda. Amma goshin nan shi na kalla shekara da shekaru. In kuka sa mata na wata, ta zama motar wani. In dai sai an canza shi, ku nemi mai saye."

Babba ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ni ban yi ba. Na zauna da mutumin nan fiye da shekara arba'in, na san maganar da yake yi sau ɗaya. In goshin nan bai gyaru ba motar ta bar gidan, kuma tukunyata ce ta kore ta.

Aka ce akwai mai kushin a bayan tashar Kawo, wanda ke gyaran kujerun mota da rufinsu, a gwada shi. Na ce da ni za a je. Kowa ya juyo ya dube ni, don ban taɓa taka wurin gyaran mota ba. Na ce in ba a tsaya a kan mai aiki ba, aikin gaggawa yake yi. Wannan kowa ya san halina ne, ba wanda ya ƙara magana.

Rumfar kwano ce, cike da tsofaffin kujeru da guntayen soso, warin gam ya cika ta. Mai ita Bazazzagi ne, gemunsa ya fara furfura, bakinsa ba ya hutawa. Na ce wa babba ya wuce ofis kada ya makara, ni zan yi bayani. Sai da na ga ya tari keke ya tafi, sannan na sa hannuna na ɗaga buzun. Rabon wurin da ya ga idon wani ban da nawa, shekara talatin da biyar.

Mai kushin ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya bi zagayen da yatsa.

"Hajiya, wannan ba rana ba ce. Rana ba ta da gindin tukunya."

Ya tsinko ɗan soso daga cikin ramin ya kai hanci.

"Miyar kuka ce ko kuɓewa?"

"Aikin hanci aka kawo maka ko na hannu?"

Ya yi dariya har ya dafa ƙofar motar. Na jira ya gama, na ce abin da ya gani a rumfar nan ya tsaya a rumfar nan. Ya ce in kwantar da hankalina, abin da suke tsinta a ƙarƙashin kujerun mutane da suna faɗa, da aure da yawa ya mutu a Kaduna. Ya ce zai fara da tsagogin, ramin sai daga ƙarshe don yana bukatar sabon soso.

Ya yi aikinsa yadda ya saba. Ya cika tsagogin da gam da wani farin abu kamar kwaɓin alkama, ya bari ya bushe, ya goge, ya shafa baƙi. Ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na koma gida da sanyin zuciya. Kwana uku motar tana tsaye a rana a gaban rumfarsa, a na huɗu duk tsagogin suka buɗe baki, suka ƙara gaba da inda suke a da. Ya kira babba ya ce wannan goshin ya gama nasa, a nemo wani.

Babba ya kawo labarin muna cin abincin rana. Malam ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, a kira mutumin nan da ya daɗe yana tambayar motar. Ya wanke hannu, tuwon ko rabi bai ci ba. Washegari da hantsi na gan shi ya ja kujera ƙarƙashin darbejiya, yana kallon baƙin man da motar ta bari a ƙasa, hularsa a gwiwa.

Na ce bari in dama masa fura ko zai sha. Na ɗauko tsohuwar ƙwaryata, wadda na zo da ita gidan aure. Ina damawa babban yatsana ya sauka a inda ya saba sauka, kan ɗinkin da ke gefenta. Sai hannuna ya tsaya.

Mahaifina gyartai ne, mai ɗinkin ƙwarya, a ƙauyenmu can gaba da Zariya. Ban cika faɗa ba a cikin dangin Malam, su ma'aikata ne. Ƙwaryar nan ta fashe ina yarinya, shi ya ɗinke ta, ga ta har yau tana riƙe nono ba ta ɗiga. Na tuna yadda yake yi, don ni ke hura masa wuta. Ba ya fara ɗinki. Sai ya shafa baƙin tukunya a jikin ƙwaryar ya goge, inda tsagar ta bi sai ya fito baƙi siriri kamar gashi, can gaba da inda ido ke gani. Sai ya gasa basilla ya huda ɗan rami daidai bakin wutsiyar tsagar. Ido yake kiran ramin. In an tambaye shi yakan ce tsagar tana tafiya ne don ba ta ga wurin tsayawa ba, shi ya sa yake fara yi mata ido kafin ya taɓa zare.

Mai kushin ya rufe wa tsagogin baki ne kawai, bai yi musu ido ba.

Na miƙa wa Malam furar, na tsaya a kansa har ya shanye, na karɓi ƙwaryata na wanke. Na ce za ni Kawo gaida ƙanwarsa. Na naɗe ƙwaryar a mayafi na tari keke.

Mai kushin yana ganina ya fara ba ni haƙuri. Na ajiye masa ƙwaryar a kan teburinsa, na ce ya duba ɗinkin nan, ya girmi gemunsa. Na gaya masa yadda ake yi. Ya juya ta, ya yaba, ya miƙo mini.

"Hajiya, ƙwarya daban, mota daban."

"Tsagar fa?"

Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin an gyara abu ta hanyar ƙara masa huji ba. Na tambaye shi ina za a kai goshin nan yanzu. Ya ce bola. Na ce to abin da za shi bola, me zai rage shi in an huda? Ya sosa gemu, ya ce Allah ya kiyaye shi da tsofaffin Badarawa, ya ɗauko sukundireba.

Ya kwance goshin daga jikin motar, ya kwantar da shi a tebur, ya ƙanƙare farin abin da ya cika a baya. Na ce a samo mini toka. Mahaifina baƙi yake shafa wa farar ƙwarya, ni baƙin abu ne a gabana, sai na juya. Mai gasa masara da ke gefen rumfar ta ɗebo mini a murfin gwangwani. Na barbaɗa, na murza da tafin hannu, na goge da gefen zanena. Sai ga su sun fito, farare, sirara. Inda ya rantse tsagar dama ta ƙare, ta wuce nan da faɗin yatsu huɗu, har ta rabu biyu. Ta hagu ta lanƙwasa ta nufi wajen gilashi. Wutsiya biyar na ƙirga.

Bakin nan da ba ya hutawa ya huta. Ya shiga ciki ya ɗauko tabarau.

Ya gasa basillarsa a wutar mai masara. Na ciro tsinken tsintsiya ina nuna masa wuri. Na ce kada ya huda a kan tsagar, ya huda a gabanta kaɗan, yadda in ta motsa za ta faɗa ciki. Na farko ya ɗan kauce. Na biyu ya daidaita. Kafin na biyar har yana tambayata ko ya yi, ina cewa matsa kaɗan, yana matsawa. Ya yanke leɓunan tsagogin da suka naɗe sama, ya kifa goshin, ya fara ɗinki ta ƙasa da zaren da masu gyaran takalmi ke amfani da shi. Ya ja zaren tamau, yadda yake yi wa kujera. Na ce ya warware. Ya ce don me? Na ce abin da zai zauna a rana yana buɗewa yana tsukewa, in ka ɗaure shi tamau zai nemi wani wurin ya fashe. Ya warware, yana gunaguni yana cewa shekara talatin yana sana'a yau ya zama ɗan koyo.

Daga nan kuma nasa ilimin ya karɓa, ni na koma 'yar kallo. Ya manna wani ƙyalle mai raga-raga a kan ɗinkin ta ciki. Ya cusa sabon soso siri-siri a cikin tsagogin. Ya ce tunda na ce abin yana numfashi, wancan farin kwaɓin bai dace ba, ƙanƙara yake yi; ya ɗauko wani mai laushi wanda ko ya bushe yana lanƙwasa. Kafin ya gama bushewa ya danna guntun fata a kai ya ɗaga, sai ga zanen fatar ya zauna, ya saje da na sauran goshin. Wannan kam ban san shi ba. Na ce masa ya iya. Ya ce in maimaita, yana so maƙwabta su ji.

Maƙwabtan kuwa sun riga sun taru, mai faci da masu fenti da wani bakanike, suna leƙe. Ɗaya ya ce Hajiya injiniya. Na juya na tambaye shi ko motar da ya bari a buɗe ita za ta gyara kanta. Suka watse suna dariya. Ni ma, Allah ya sani, na ji wani daɗi a ƙirjina irin wanda rabona da shi tun ina hura wutar mahaifina, amma ban bari ya hau fuskata ba.

Na ce ban yarda ba sai rana ta yarda. Mai kushin ya kira babba ya roƙi mako ɗaya, bai faɗi dalili ba, aka dakatar da mai saye. Ya ɗora goshin a kan kwanon rumfarsa, inda rana ke dukansa tun hantsi. Kullum bayan azahar nakan ce za ni gaida ƙanwar Malam, in zo, a sauko da shi yana ƙona hannu, in shafa toka in duba. Rana ta ɗaya ba komai. Ta uku na ga wutsiya ɗaya ta ɗan motsa, na bi ta da tsinke, sai na tarar ta shiga idonta ta tsaya. Na yi hamdala a fili. Mai kushin ya ce ashe ina murmushi. Na ce rana ce ta shiga idona.

Ranar bakwai ba abin da ya motsa. Saura ramin tukunya. Ya yanko soso zagaye daidai da shi, ya jera gam da fata, ya ce kafin la'asar ko ni ba zan gane wurin ba. Ina tsaye ina jin kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka, sai na ji mota ta tsaya a bayana. Babba ne ya fito, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Sanda ta fara fitowa, sannan Malam.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ƙanwarsa ce ta kira shi da safe tana ƙorafi, wai wata nawa ban leƙa ta ba.

Buzun yana can cikin motar, tsakanina da shi taku goma. Goshin yana kwance a tebur tsirara, ramin yana kallon sama. Malam ya yi sallama, ya gaisa da mai kushin, ya tako a hankali. Ya jingine sandarsa, ya bi inda tsagogin suke da yatsa, ya ɗaga gefe ya leƙa ɗinkin ta ƙasa. Ya tambayi wa ya koya masa wannan. Mai kushin ya nuna ni da haɓa. Malam ya sake duban ɗinkin.

"Wannan hannun surukina ne, Allah ya ji ƙansa."

Muka ce amin. Sai hannunsa ya ci gaba, ya isa ramin. Na buɗe baki.

"Malam, wannan wurin ni ce na..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya cire hularsa ya ajiye a cikin ramin. Ta zauna daram, kamar don ita aka auna. Ya dubi soson da ke hannun mai kushin.

"Wannan kada ka taɓa shi, malam. Mazaunin hulata ne. Da can duk na sha kwana sai ta zame ta faɗo mini a ƙafa. Tun ranar wani suna da muka zo nan Kawo ba ta sake faɗuwa ba."

Na tambaye shi tun yaushe ya sani.

"Tun kafin mu fita daga layinmu. Buzu yana rufe rami, amma ba ya rufe daddawa. Shekara biyu duk wanda na rage wa hanya daga ofis sai ya tambaye ni ko tuwo nake sayarwa a mota."

Mai kushin ya zauna a kan wata tsohuwar kujera ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna rawa. Babba ya juya mana baya yana kallon titi, amma ina ganin kunnuwansa suna motsi.

"To me ya hana ka magana?"

"Kin ce kada a ɗaga."

"Shekara talatin da biyar ka bar ni ina gadin buzu."

"Kin iya gadi, Hajiya. Kuma miyar da ta rage ta yi daɗi ranar, har na ƙara."

Na so in haɗe rai, fuskar ta ƙi. Na ja mayafi na rufe bakina, dariyar ta fito ta hanci. Da babba ya ji, sai ya saki tasa. Har mai masara ta leƙo tana tambayar me ya faru. Na nuna babba da yatsa na ce in na ji maganar nan a bakin 'ya'yansa, shi da ni ne. Ya ce to, Hajiya, yana share ido. Kafin sati ya zagayo jikokina duka sun sani.

Mai kushin bai cika ramin ba. Ya cire tsohon soson da ya sha miya, ya shimfiɗa sabo siriri a ƙasan, ya bi gefen da ya ƙone ya lallashe shi, ya shafa baƙi. Sau biyu yana karɓar hular Malam yana gwadawa. Idanun nan biyar ya cike su, amma in ka san inda suke za ka ji su a ƙarƙashin yatsa. Da aka mayar da goshin jikin motar Malam ya ce shi zai tuƙa, gwiwa ko ba gwiwa. Babba ya biyo mu a baya a motar da suka zo da ita. Tun daga Kawo har Badarawa a hankali muke tafe, masu keke suna ta yi mana oda suna wucewa, wani dattijo a bakin hanya ya ɗaga mana hannu. Malam ya sha kwanar layinmu da ɗan ƙarfi, da gangan, ya saci kallona. Hular ba ta motsa ba.

An gaya wa mai saye ya yi haƙuri. Buzun na wanke shi na shanya, ya koma kujerar baya inda na ɗauko shi. Tsumman safe ya dawo, Malam yana bin goshin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana zagaye ramin da yatsa ɗaya. Na ji an ce mai kushin yanzu ba ya taɓa tsagaggen goshi sai ya aika wurin mai masara neman toka, kuma in an tambaye shi inda ya koya yakan ce wata makaranta ce a Badarawa, ba a shiga da takalmi.

Watan da ya wuce matar babba ta haihu. Ranar suna na yi miyar kuka a ƙaramar tukunyar nan, don tana nan, ƙarfen da ba ya mutuwa. Na naɗe ta da tsumma biyu, na shiga gaba na ɗora ta a cinya. Malam ya shigo, ya zauna, ya dubi tukunyar. Sai ya miƙa hannu ya ɗauke hularsa daga ramin, ya nuna mini wurin da tafin hannu, kamar mai ba baƙo wurin zama.

Na dube shi irin kallon da nake yi wa yara. Ya mayar da hularsa. Na ce ya tayar da mota, mun makara.